Ɗakin Da Ban Gina Ba

Litinin, 8 ga Satumba, bayan azahar

Bismillahi. Wannan littafin kiran sunan ɗalibaina ne na Islamiyya, na juya shi ta baya. Abin da ba zan iya faɗa wa mutum ba, bari in faɗa wa takarda, ita ba ta katse mai magana.

Yau kwana arba'in da Larabar nan da mahara suka shigo ƙauyenmu. Ba a yi sadaka ba, don ba wanda ya zo ya ce mana an yi rashi. Yaya Mudi, babbanmu, shi ya ɗora Inna a bayan mashin ɗin maƙwabci, ya ce su yi gaba, zai biyo su da zarar ya kwance shanu. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma iyakar abin da zan rubuta.

Tun ranar Inna take wurina a nan Funtua. Sallah tana yi, ina ganin leɓenta yana motsi, amma tsakaninta da mutane ko uffan. Kunu cokali uku ta sha da safe, na huɗun ta kau da kai. Ƙunshin kayanta yana gindin gado yadda ta zo da shi daga Unguwar Kanya. In na kwance na jera mata a kwaba, kafin in dawo daga madafi ta sake ɗaurewa.

Yaya Sanda ya bugo daga Kaduna.

"Kulu, Tsohuwa ta ci?"

Na ce ta taɓa.

"Ta taɓa. Kullum ta taɓa. Likita ya ce ba ciwo a jikinta, to me ya rage? Na ba ki zuwa Asabar ɗin farko ta wata mai kamawa. In tana nan yadda take, zan zo da mota in ɗauke ta."

Na ce to. Amma "to" ɗin na baki ne. Gidansa hawa na uku ne, ba tsakar gida, ba ƙasar da mutum zai taka. Matar da ba ta taɓa hawa bene ba, a kai ta can a rufe kamar tantabara a keji? Ba da ni ba, in sha Allahu.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Cokali biyu.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Maƙwabciyata Malama Lilian, 'yar garin Ƙarfi, mai koyarwa a firamare, ta shigo aron rariya da allon nan nasu na gilashi a hammata. Allo dai nake ce masa, tunda riƙonsa ɗaya da wanda na yi karatu da shi, sai dai shi ba a wanke shi a sha.

Ta nuna mini abin da take koya wa yara a ciki. Fili ne fetal, kore, ba iyaka, ga 'yan bulo na wasa kala-kala a gefe. Kowane bulo da 'yan ƙuraje a kansa, a nan na samansa yake kamawa. Ka jawo da yatsa, ka ɗora, ya ce ƙas. Ba siminti, ba kwaɓin ƙasa, kuma bulon ba ya ƙarewa. 'Yan ajinta sun gina gidan mai da wata doguwar gada.

Na ce, "Kowane irin gida ana iya ginawa?"

"Har mai hawa goma, Maman Sadiq, in kina da haƙuri."

"Gidan ƙasa fa? Da rumbu?"

Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin da Inna take. Lilian ba ta da yawan tambaya, shi ya sa muke shiri. Ta ce daga tashin makaranta zuwa magariba allon nawa ne kullum. Rariyar ma ta manta da ita ta tafi.

Ba mu da hoton gidanmu ko ɗaya. Ba wanda ya taɓa tunanin zai buƙata. Tunda Inna ba ta da hanyar komawa gida, ni zan kawo mata gidan.

Juma'a, 12 ga Satumba, bayan la'asar

Na tambayi Malam, maigidana, kafin in taɓa komai, don a cikin abin akwai 'yan mutum-mutumi masu rawayar fuska, da awaki, da kaji. Ya ce gini ba shi da rai, in gina. Masu rai ne dai in bar su inda na gan su. Har ya miƙe sai ya ce, "Amma Kulu, ke da kike tsoron rimot ɗin talabijin?" Na ce rimot ba shi da abin da nake so.

Abu na farko na nemi gabas. Filin ba shi da gabas ba shi da yamma. Na zaɓi gefe ɗaya na dasa farin bulo na ce nan ce alƙibla, don kada in wayi gari na fuskantar da makewayi inda bai kamata ba. Lilian ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce duk 'yan ajinta ba wanda ya taɓa farawa ta nan. Na ce shi ya sa gadarsu ba ta zuwa ko'ina.

Yatsana ya yi wa abin kauri. In na nufi nan, bulo ya faɗa can. In da danshin wanke-wanke a hannuna kuwa, sam ba ya jin magana. Zaure kawai na tayar, shi ma ya fito kamar kwalin ashana.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan azahar

Katanga ta hana ni sakat. Bulon nan abu biyu kawai ya sani: ya miƙe, ko ya karya kwana irin ta soja. Katangarmu kuwa ba ta taɓa miƙewa ba. Da Baba, Allah ya jiƙansa, ya zo gini ya tarar da kanya a kan layi, bai sare ta ba, karkata katangar ya yi ta zagaye ta, yadda ake ratse wa babba hanya. Lilian ta ce in miƙar da ita mana, wa zai sani? Na ce Inna za ta sani, ni ma na sani. Ba zan kai wa uwata gidan ƙarya ba.

Sai da na yi ta gocewa da ƙurji ɗai-ɗai, bulo bayan bulo, sannan ta ɗan yi ciki. Daga nesa ta yi kama. Daga kusa haƙoran zarto ne.

Launi ma haka. Ruwan ƙasarsu iri ɗaya ne, sumul, ba tabo. Tamu ja ce daga sama, ta yi duhu daga ƙasa inda ruwan sama ke fantsama, baƙa wuluk a bayan murhu. Kala uku nake cakuɗawa.

Cokali huɗu. Ina magana ni kaɗai na ce "kanya" a fili, sai na ga kamar ta juyo. Ko idona ne.

Talata, 16 ga Satumba, kafin magariba

Rumbu! Wanda ya ƙirƙiro abin nan bai taɓa ganin rumbu ba, Allah ya shirye shi. Komai nasa kusurwa huɗu. Na yi na farko ya fito tankin ruwa. Na biyu ya fito matakalar masallaci. Rumbun Inna kuwa mai ciki ne, mai siririn wuya, yana zaune daram a kan duwatsunsa.

Lilian ta ce dabara ɗaya ce: in kana son zagaye da bulo mai kusurwa, sai ka ƙara wa abin girma, yadda haƙoran za su ƙanƙance a ido. Wato in rumbu ya ninka uku, dole gidan duka ya ninka uku. Wato in rushe aikin kwana huɗu, har da katangar da na sha wuya a kanta.

"Ko ki bar shi tankin, Maman Sadiq. Ai ci gaba ne, Mama ta samu famfo."

Na ce, "Nuna mini inda ake rushewa."

Da hannuna na rushe. Dannawa ɗaya. Ban ji daɗin yadda ya tafi da sauƙi ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, da magariba

Na ƙone miya. Rumbu ya yi ciki.

Asabar, 20 ga Satumba, da hantsi

Malam ne ya faɗa wa Yaya Sanda, ba da wata manufa ba, cikin hira.

"Wai me nake ji, Kulu? Gem kike bugawa?"

"Gini nake yi, Yaya."

"Gini! Ke da furfurarki, malamar Islamiyya guda, uwarmu tana ƙarewa a ɗaki ke kina can kina wasan 'yar tsana. Kuma wai wancan gidan za ki nuna mata? So kike ki tono mata abin da muke roƙon Allah ta manta?"

Na ce a hankali, "Ba ta manta ba, Yaya. Mu ne muka yi shiru."

"Kada ki nuna mata. Na dai faɗa miki."

Shekarata arba'in da tara ban taɓa sa-in-sa da Yaya Sanda ba, yau ma ban yi ba. Na ce ya gaida Hajiya da yara. Yana kashewa na ɗora jinkar ɗakin Inna.

Na san ba mugunta ba ce. Shi ya je can bayan kwana uku, shi ya ga abin da ya rage, kuma har yau bai faɗa wa kowa ba. Amma ba zan bari ya ɗauke ta ba.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan azahar

Inna lillahi. Lilian ta bar mini allon tun Juma'a, jiya aka wuni ba wuta, ya mutu a hannuna ina tsakiyar ginin madafi. Da ta kai shagon caji ta kunna, aikin kwana uku babu: ɗakin Inna, madafi, akurki, rabin danga. Ashe akwai wani ɗan tambari a kusurwa da ake dannawa abin ya adana. Da can ita take dannawa in na mayar mata, ba ta faɗa mini ba. Ni kuwa na zaci abin da ka gina ya ginu.

Na zagaya bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun Larabar nan. A kan bulon wasa, wanda ko a hannu ba a riƙe shi. Astagfirullah. Na wanke fuska na fito.

Sau biyu ke nan gidan nan yana tafiya ba da sonmu ba. Na farkon ba abin da zan iya. Wannan kuwa ina da yatsu goma.

Yanzu duk bulo goma sai na danna tambarin. Lilian ta ce zan huda mata allo.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Na mayar da duk abin da ya tafi, har ya fi na da. Saura wuri ɗaya, tsakanin zaure da rumbu. Lilian ta ce, "Nan fa? Filin ƙwallo?" Na ce tukuna.

Ɗakin Yaya Mudi ne. In na gina shi yadda yake a da, kamar na ce yana ciki. In na gina shi yadda nake zaton Yaya Sanda ya tarar da shi, na faɗi abin da ba ni da shaida a kai. Ban san wanne ne ƙarya ba, sai na bar koren fili. Daga sama ɗan wuri ne, bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ba za ta lura ba.

Ko ta lura ma ba abin da za ta ce. Ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "mai shanun". Ko tuwo za ta ba shi sai ta ce, "Kulu, miƙa can." Ranar da maciji ya sare shi a gona aka shigo da shi ranga-ranga, tana tankaɗe ba ta ɗaga kai ba, garin dai na ga yana zuba a ƙasa, ba a ƙwarya ba. Haka aka raine su, kunyar ɗan fari. To wanda ba ta da bakin kiransa yana nan, da wane baki za ta tambayi inda yake?

Cokali uku.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Na nuna mata. Na shimfiɗa tabarma, na ɗora mata allon a cinya. Ga zaure, ga kanya, ga rumbu da cikinsa, komai tsaf. Na ce, "Inna, kin gane nan?"

Ta dube shi yadda take duban kalandar bango. Ta ture shi a hankali da bayan hannu, ta gyara ɗaurin ƙunshinta.

Cokali ɗaya.

Asabar, 27 ga Satumba, da la'asar

Ban taɓa allon ba. Saura mako guda.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan azahar

Hadari ya haɗo da hantsi, indararo ya toshe, Malam yana kasuwa. Na jingina tsani na hau, maƙwabta su ce abin da za su ce. Da na cire ganyen na waiwayo ƙasa, sai na tsaya cak. Gidan aurena ne na shekara ashirin da takwas, amma wallahi sai da na nemi ƙofar ɗakina. Tsakar gida ta zama faifai, randa ta zama murfin kwalba. Ban taɓa ganinsa ta nan ba.

A kan tsanin na gane wautata. Allon daga sama yake nuna gini, yadda shirwa ke kallo. Inna kuwa a lulluɓe aka kai ta gidan nan, kuma shekara hamsin da wani abu tana cikin kulle. In za ta unguwa sai bayan magariba, kanta a sunkuye. Ba ta taɓa ganin jinkar ɗakinta ta sama ba. Gaban zauren da na ɓata kwana biyu ina yi wa ado, mai tallan manja ya fi ta saninsa. Gidan da Inna ta sani daga bakin ƙofarta yake farawa, a kan kujera 'yar tsugunno, da faifai a cinya.

Gidan shirwa na gina na kai wa uwata, har ina jin haushi ba ta gane ba.

Ruwa ya same ni a kan tsani. Ban damu ba.

Litinin, 29 ga Satumba, kafin magariba

"Ana shiga ciki mana," in ji Lilian. "Amma sai kin ajiye ɗan mutum a tsakar gidan, ki duba ta idonsa. Ba wata ƙofa."

"Mai rawayar fuskar?"

"Shi fa. Ko in nemo mace in sa mata hijabi?"

Ban yi dariya ba. Mako biyu da rabi ina gini ko kaza ban saka ba. Akurkina fayau yake.

Na mayar wa Malam da maganar. Ya daɗe yana shafa gemu, ya ce malamai sun yi saɓani a kan na wasan yara. Shi dai da na bari ya fi masa kwanciyar hankali, amma ba zai ce mini haramun ne kai tsaye ba. Wato ya miƙo mini kayana.

Na yi alwala, na yi raka'a biyu, na zauna da abin. Ba ni na ƙera shi ba. Ba don ado zan ajiye shi ba, ba don girmamawa ba. In aka shiga idonsa ma ba a ganinsa. Idonsa zan ara in mayar. In kuskure ne, a kaina yake, ba a kan Inna ba, kuma Wanda zan amsa wa tambaya ya san cokali nawa ta sha yau.

Talata, 30 ga Satumba, bayan la'asar

Na shiga gidanmu.

Na bi ta zaure, na karya kwana, ga tsakar gida. Sai da na ajiye allon na fita na sha ruwa.

Amma da saura. Ɗan mutumin a tsaye yake ƙiƙam, ba ya zama, ba ya tsugunawa. Lilian ta latsa ko'ina, ya ƙi. Daga tsaye kuwa kana hango bayan danga, abin da mai zama a 'yar kujera ba ya gani. Sai na cire bulo biyu daga daɓen bakin ƙofar Inna, ya zama ɗan rami, na saka shi ciki. Idonsa ya sauko daidai. Lilian ta ce shekara uku tana koyar da abin nan, ba ta taɓa ganin an haƙa wa ɗan mutum rami don ya koyi ladabi ba.

Sai na ga abin da ban shirya masa ba. Daga kujerar Inna, in ka ɗaga kai, ba rumbu ne a gabanka ba, ba zaure ba. Wurin nan ne da na bari. Daga sama bai kai yatsa biyu ba, daga nan shi ne rabin allon. Kore fetal.

Ashe shekara talatin ƙofarsa take kallo tana tsince wake.

Laraba, 1 ga Oktoba, da hantsi

Sau uku jiya ina kai bulo wurin ina mayarwa. Ba zan gina ba, ba kuma zan matsar da rumbu in rufe ba. Yadda yake haka za ta gan shi.

Yaya Sanda ya aiko saƙo: a haɗa mata kaya. Kayanta a haɗe suke tun ranar da ta zo. Ba ni na haɗa ba, kuma ba zan ƙara ko allura ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan magariba



Bayan la'asar na fito da ita bakin ƙofa, na zaunar da ita a kujera 'yar tsugunno, na durƙusa na riƙe mata allon daidai fuska. Wannan karon ban tambaye ta ko ta gane ba.

Ta daɗe. Ƙuda ya sauka a hannunta ba ta kore shi ba. Sai ta ɗago yatsa ta taɓa gilashin, hoton ya juya, ta janye da sauri kamar ta taɓa tukunya a wuta. Na mayar mata da shi daidai. Ta sake kai yatsa, a hankali.

"Turmin ba nan yake ba."

Muryar ta dushe, da ƙyar ta fito. Na ce, "Na'am, Inna?" don in sake ji.

"Ke kurma ce? Wa ke ajiye turmi a rana? Gindin kanya yake."

Na jawo turmin, yatsana ya goce, ya faɗa cikin akurki. Ta yi tsaki. Wallahi ban taɓa jin daɗin tsaki irin na yau ba.

Sannan idonta ya tsaya a tsakiya. Na san inda ya tsaya. Na sunkuyar da kai ina jiran ta ture allon.

"Kulu."

"Na'am."

"Ina ɗakin Mudi?"

Na rubuta shi yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Shekara hamsin da biyar sunan nan yana bakinta, sai yau ya fito.

Na ce, "Ban san yadda zan gina shi ba, Inna."

"Yadda yake za ki gina shi. Taki shida ta nan, biyar ta can. Ina zaune nan aka ɗora kowane tubali."

Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. A cikin mayafin ta kira shi sau uku, ba da ƙarfi ba. Na ƙyale ta. Lilian ta shigo karɓar allo, ta tsaya a zaure, ta juya ta koma ba ta karɓa ba.

Ta sha kunu rabin kofi. Na daina ƙirga cokali.

Juma'a, 3 ga Oktoba, kafin magariba

Inna ta zama ubangidana a wurin aiki, kuma ba ta da sauƙi. Bango ya yi tsawo. Taga ta yi faɗi, wai Mudi ba ya son iska. Na ce abin ba shi da ƙaramar taga, ta ce to in ce wa mai abin ya yi. Sai da na toshe rabi da bulo sannan ta yarda. Tun jiya ta faɗi sunan ya fi sau ashirin, kamar mai ramuwar sallah.

Ta ci ɗumamen tuwo tana faɗa da ni, ina jin ba ta ma san ta ci ba.

Asabar, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya Sanda ya iso da hantsi. Ya yi sallama ya shigo ya durƙusa zai gaishe ta, kamar yadda ya saba, ba ya jiran amsa.

"Kai Sanda, matsa, ka tare mana haske."

Ya tsaya a durƙushe baki buɗe. Ya dubi kwanon da ke gabanta, ya dube ni, sannan ya dubi allon. Da ya ga ɗakin sai ya miƙe ya fita wai zai duba mota. Ya daɗe wajen motar nan. Da ya dawo idonsa ya yi ja.

"Na ce kada ki nuna mata."

"Ka ce, Yaya."

Ya juya wajenta ya sassauta murya. "Tsohuwa, mota na waje."

"To a ba ta ruwa ta sha. Ni ba inda za ni, gini ake."

Ya samu gefen tabarma ya zauna. Jim kaɗan sai na ji ya ce, "Turken shanun ba nan yake ba, Kulu. Bayan rumbu yake."

"Ji mini ɗan birni," in ji Inna. "An matsar da shi tun shekarar da ka tafi Kaduna. Ka zo sau nawa da za ka sani?"

Shi ma ya sha nasa tsakin.

Ƙofa ce ta rage a ɗakin. Na ɗora ta, ta ce ƙas. Ƙofar abin nan iri biyu take tsayawa, in ka taɓa ta buɗe, in ka sake taɓawa ta rufe. Na tsaya da yatsana a sama.

Yaya Sanda bai ɗago kai ba. A ƙasan maƙoshi ya ce, "Rufe ta, Kulu."

Inna ta ce, "A buɗe ya bar ta."

Na janye yatsana. Ban tambayi Yaya abin da ya gani a can ba. Wataƙila wata rana ya faɗa, wataƙila mu iya ji.

Bayan azahar ya yi sallama. Da na rako shi zaure na waiwaya, sai na ga ta jawo ƙunshin nan ta kwance shi da hannunta, tana laluben goro.

A bakin mota ya ce, "To yaushe za a gama ginin naku?"

Na faɗa masa gaskiya, don ban iya ƙarya ba. Na ce saura cikin ɗakin Inna, da jeren kwanoninta, guda sittin da wani abu, ta ce kowanne ta san mazauninsa. Kuma kowane kwano zagaye ne.

Ya tafi shi kaɗai. Na dawo na danna tambarin adanawa sau biyu.